Akwatin Baba Luka

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Ibrahim Ɗahiru Nassarawa. Mai girma shugabar Kamfanin Ɗab'i na Gwadabe, Hajiya Sadiya Mamman. Wakilin hakimi da masu unguwannin Sharaɗa. Limamin masallacin wannan maɗaba'a, Malam Isyaku. Fasto Elisha, wanda ya baro hidimominsa ya zo. 'Yan uwanmu shugabannin ƙungiyoyin ma'aikata da suka taso daga Bompai da Challawa. Editoci da 'yan rahoto na jaridar Gwadabe. Dillalanmu da ke yawo da ita a rana da ruwa. Iyayenmu mata da matanmu da ke zaune can ƙarƙashin rumfa. Abokan aikina masu baƙin farce. Jama'a maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina gode wa Allah da ya nuna mana wannan rana muna tsaye da ƙafafunmu. Ina gode wa hukumar kamfani da ta ba ƙungiya damar magana a taron da ita ta kafa rumfarsa, ita ta sayi lemonsa. Ina gode wa duk wanda ya rufe shagonsa ko ya nemi izini a wurin aikinsa domin ya zo ya taya mu murna. Ga wanda bai san ni ba, sunana Tijjani Ɗorayi, shekarata ashirin da huɗu a wannan gida, a ɗakin duhu inda ake wanke fim na fara, kuma ni ne shugaban ƙungiyar ma'aikatan wannan maɗaba'a, har zuwa ranar da za su gaji da ni.

Abu biyu ya tara mu. Za a yanke ƙyallen sabon injin ɗab'i, sannan za a sa hannu a kan yarjejeniya tsakanin kamfani da ma'aikata. An ba ni minti goma. Ina roƙon shugaban taro ya kawar da kai daga agogonsa, domin magana uku gare ni, biyu gajeru ne, ta ukun kuwa ba zan iya gajarta ta ba ko da na so.

Magana ta farko, ina so baƙinmu su san irin mutanen da suke zaune a cikinsu.

Wannan ba shi ne karo na farko da inji ya shigo ta ƙofar nan aka ce mana kwananmu ya ƙare ba. Akwai dattawa a nan da suka jera jarida harafi-harafi da dalma, suna karanta rubutu a juye, har yau wasunsu sun fi gane takarda in an miƙa musu ita kai ƙasa. Aka kawo fim da ɗakin duhu, aka ce sun gama. Suka ajiye dalma suka koyi fim. Mu da muka iya fim muna taƙama, muna yankan shafi da reza muna hura hanci, sai ga kwamfuta, aka ce mun gama. Muka zauna a gaban 'ya'yan cikinmu suka koya mana, suna dariya muna haɗiyewa, har muka iya. Yanzu kuma ga wayar hannu, mutum yana kan babur ɗin haya ya karanta labarin da mu sai Juma'a za mu buga shi. Duk da haka, shekara talatin da ɗaya, Gwadabe ba ta taɓa fashin fitowa ba. An ɗauke wuta ta fito. Gas ya yi tsada ta fito. An sa dokar hana fita, muka tura ta a baro har bakin titi, ta fito. Ina faɗar wannan da alfahari, kuma ba na neman afuwar kowa a kan alfaharin.

Tsohon injinmu, wanda muke kira Gwaggo saboda yawan mitarsa, yana can an lulluɓe shi da tamfol. Gwaggo ba ta tashi sai an lallashe ta. Sai an ɗan doke ta a gefe, an yi mata magana, in ta ga dama ta yi aiki, in ba ta ga dama ba ta yayyaga takarda ta watsa wa mutum tawada a riga ranar da ya sa sabuwa. Amma ita ta ciyar da gidajenmu, ita ta kai 'ya'yanmu makaranta. Ba mu ƙi sabon inji ba, kuma duk wanda ya ce ma'aikatan Gwadabe sun ƙi ci gaba, bai taɓa kwance Gwaggo da rana tsaka a watan Afrilu ba. Mun fi kowa son hutawa da ita.

Magana ta biyu, yarjejeniyar da za a sa wa hannu ba daga sama ta faɗo ba.

Sabon injin nan daga kwamfuta yake karɓar shafi kai tsaye. Shi yake daidaita tawadarsa, shi yake naɗe jarida, shi yake ɗaure ta. Da aka kawo ƙwararru suka zaga da takarda da biro, suka dubi sunan aikin kowa kamar yadda yake a fayil, sai suka ce cikin mu ɗari da goma sha biyu, mutum arba'in da shida ba su da sauran abin yi. Arba'in da shida, jama'a. Gidaje arba'in da shida, daga Sharaɗa zuwa Ɗorayi, daga Ɗorayi zuwa ƙauyukan bakin Challawa.

Wata huɗu muka yi muna zama. Ba zan ɓoye ba, an ɗaga murya, an buga tebur, akwai ranar da na fita na bar hulata a ciki, girman kai ya hana ni komawa, sai masinja ne ya biyo ni da ita. Amma zan shaidi Hajiya Sadiya a gaban jama'a: ba ta taɓa kulle mana ƙofa ba, ba ta taɓa kiran 'yan sanda ba, ba ta taɓa aiko wani ya yi magana a madadinta ba. Ita ma a matse take, masu talla sun koma waya, takarda ta yi tsada. Muka ce a koya wa mutanenmu sabon aiki, aka yarda. Muka ce a karɓo aikin littattafan makaranta da kalanda domin injin kada ya zauna kwana biyar a mako, aka yarda. Arba'in da shida ta koma talatin, talatin ta koma goma sha biyar, goma sha biyar ta koma bakwai. A bakwai ɗin nan magana ta tsaya, ta ƙi gaba.

To a nan ne zan faɗi abin da ban taɓa faɗa a bainar jama'a ba. Ni, Tijjani, da hannuna na dama, na sa hannu a ƙarƙashin sunayen nan bakwai. Na ce wa kaina na ceci talatin da tara. Na fito ana tafa mini. A cikin bakwai ɗin, na huɗu, akwai sunan Luka, wanda duk gidan nan ke kira Baba Luka. Ga shi can a layi na biyu kusa da matarsa, Mama Lidiya, yana sunkuyar da kai, domin na san bai so na ambace shi ba. Abin da aka rubuta a gaban sunansa shi ne: lebura, mai kwashe ɓatattun takardu. Sabon inji kuwa da kansa yake kwashe ɓatattun takardunsa. Na duba, na rasa hujjar da zan kare shi da ita, na bari. A farkon wata aka miƙa masa takardar sallama, ta ce aikinsa zai ƙare ranar talatin.

Magana ta uku, ita ce labarin mutumin nan, kuma ita ce dalilin tsayuwata a nan.

Ga waɗanda ba ma'aikatan ɗab'i ba, bari in yi bayani. Duk lokacin da aka tayar da inji, kofen farko-farko ba sa fita daidai. Tawada ta yi yawa, ko ta yi kaɗan, ko hoto ya karkace. Ɗaruruwa ne ake zubarwa a ƙasa kafin aiki ya daidaita. Waɗannan su ne ɓatattun takardu, kuma tun da can ana sayar da su ga masu ƙosai da masu tsire da masu gyaɗa, su riƙa ƙunshi da su. Jaridarmu kuwa kowane mako tana da shafin addini, da ayoyi da hadisai cikin rubutun Larabci.

Shekara ashirin da takwas da suka wuce, Luka ya zo daga kudancin Kaduna da matarsa da 'yarsu ta fari, aka ɗauke shi lebura. Watansa biyu da fara aiki, wata safiya ya sayo ƙosai a wurin Kulu mai suya a bakin ƙofar nan, ya zo ya zauna da marigayi Malam Ado, direban Gwaggo na farko, ya buɗe ƙunshi ya ce bismillah. Malam Ado ya miƙa hannu, sai hannun ya tsaya. Ƙosan nan a kan shafin tafsiri yake kwance, mai ya jiƙa ayoyin har ana ganin bayan takardar. Malam Ado bai yi faɗa ba, bai zagi kowa ba. Ya juye ƙosan a murfin kwano, ya goge takardar da gefen rigarsa, ya ninke ta ya sa a aljihun gaba, idonsa ya ciko. Luka ya ce, "Malam, lafiya? Na yi laifi ne?" Malam Ado ya ce, "Ba kai ba ne, Luka. Mu ne. Mu muka buga, mu muka zubar."

Washegari Luka ya samo wani akwatin katako da aka kawo gwangwanayen tawada a ciki, ya wanke shi, ya ajiye a lungu. Daga ranar, duk ɓatacciyar takardar da ta faɗo daga inji, sai ya buɗe ta shafi-shafi kafin ta shiga buhu. In ya ga rubutun Larabci ya cire ya sa a akwati. Bai iya karanta ko baƙi ɗaya ba, har yau bai iya ba, amma idonsa ya san shi daga nesa, ko layi ɗaya ne a cikin tallan ta'aziyya. Kafin ya fara yakan wanke hannunsa da sabulu. In wata ya ƙare, sai shi da Malam Ado su kai akwatin bayan gini, su ƙone takardun a cikin wani tsaftataccen duro, su haƙa rami su binne tokar. Wurin da suke binnewa, Malam Ado ya dasa mangwaro don kada a riƙa takawa. Mangwaron nan da kuke gani ya yi wa masallaci inuwa, shi ne.

Babu wanda ya sa shi. Babu wanda ya ƙara masa komai. Babu wanda ya rubuta a fayil. An taɓa samun masu gunaguni cewa wanda ba Musulmi ba bai kamata ya taɓa irin wannan takarda ba. Aka kai magana gaban Malam Isyaku, ga shi nan zaune, ya saurara ya ce, "To, wa zai karɓi aikin a cikinku daga gobe?" Kowa ya shiga duban ƙasa. Malam ya ce, "Ku da kuka tsallake ta a ƙasa kuka wuce, ku bar wanda ya sunkuya ya ɗauka." Maganar ba ta sake tashi ba. Kuma da muka fara buga wa coci-coci takardun bukukuwansu, Malam Ado da kansa yake tsince waɗanda ke da ayoyin Littafi Mai Tsarki, ya kawo wa Luka, su shiga akwati guda. Da Malam Ado ya rasu, Luka ya ci gaba shi kaɗai.

Mu kuwa sai muka saba. Muka saba har muka daina gani. Ni da nake wucewa ta gaban akwatin nan sau goma a rana, shekara ashirin da huɗu, da na zauna a teburin tattaunawa ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba.

Ranar Alhamis ta makon jiya, saura kwana biyar wa'adin Baba Luka ya cika, aka yi gwajin sabon inji da jaridar gaske. Makon ne muka yi shafi huɗu na musamman a kan addu'o'i. Injiniyoyi suna ta gyare-gyare, ɓarna ta fi ta kullum yawa. Sabon injin ba ya zubar da komai a ƙasa. Bel ne yake ɗauke ɓatattun ya kai su ga wani injin a baya, ya matse su, ya ɗaure da waya, su fito dunƙule-dunƙule. Hannun mutum ba ya taɓa su. An kuma riga an shirya da wani dillali da zai riƙa kwashewa da mota. Baba Luka a ranar an tura shi tsohon ɗaki yana tattara gwangwanaye, ba wanda ya tuna da shi.

Bayan an idar da azahar ina ofishin ƙungiya sai na ji hon ɗin mota ba ƙaƙƙautawa. Maigadi ya shigo da gudu ya ce, "Shugaba, mutuminka ya tare ƙofa." Na fito. Ga mota ɗauke da dunƙule shida, ga Baba Luka ya jawo bencin maigadi ya ajiye a tsakiyar ƙofa ya zauna, hannuwansa a kan gwiwa. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, mutumin da ko taron ƙungiya a layin ƙarshe yake zama.

Raina ya ɓaci, ba zan yi ƙarya ba. Na ga wata huɗu na wahala zai rushe a bakin ƙofa. Na ɗauka fushin sallama ne ya motsa. Na matsa na ce, "Baba Luka, haba! Kwana biyar ya rage ka tafi da mutuncinka. Kada ka ɓata wa kanka, kada ka ɓata mana. Tashi mota ta wuce."

Bai tashi ba. Ya buɗe tafin hannunsa, ga guntun takarda da ya zaro daga gefen dunƙule ɗaya. Ya ce, "Shugaba, ni ban iya karanta wannan ba, kai ka iya. Karanta mini. In ka gama, ka tambayi direba ina zai kai shi."

Na karɓa. Jama'a, farkon Ayatul Kursiyyu ne. Na juya na tambayi direba, "Ina za ka kai kayan nan?" Ya ce wani kamfani ne da ke jiƙa tsohuwar takarda, ya yi kiret ɗin ƙwai da ita, sauran kuma ya yi takardar bayan gida. Na miƙa masa guntun. Ya duba, ya ce innalillahi, ya kashe motarsa da kansa, ya sauko ya tsuguna a gefe.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ni ne na yi makarantar allo, ni ne nake sahun gaba a masallaci, ni ne shugaba. Kuma mutumin da na sa hannu a kore shi, takardar korarsa ta riga ta fita, ba abin da zai samu, ba abin da ya rage masa a gidan nan sai kwana biyar, shi ne ya zauna a gaban mota.

Kafin a jima ma'aikata sun fito sun cika farfajiya. Ba wanda ya kira yajin aiki, ba wanda ya ɗaga kwali. Hajiya Sadiya ta sauko daga bene ta ratsa mutane ta tsaya. Aka yi mata bayani. Ta dubi Baba Luka ta ce, "Baba, wa ya sa ku wannan aiki?" Ya miƙe ya ce, "Ranki ya daɗe, ba wanda ya sa ni." Ta ce, "Tun yaushe kuke yi?" Ya ce, "Tun kina zuwa da kayan makaranta ki zauna a ofishin Alhaji." Ta ce, "Mahaifina ya sani?" Ya ce, "Ya sani. Shi yake aiko mana da ashana."

Hajiya ta juya ta dubi kayan da ke kan mota. Sannan ta kira Injiniya Mubarak, wanda ya haɗa mana injin, ta ce, "Injin nan zai iya ware irin waɗannan shafuka?" Ina yaba wa saurayin nan, domin bai yi kwana-kwana ba. Ya ce, "Hajiya, injin yana gane tawada ta yi yawa ko ta yi kaɗan. Abin da aka rubuta da tawadar, wannan ba ya cikin aikinsa."

Aka sauke dunƙule shidan nan, aka datse wayoyi, aka shimfiɗa tabarmin masallaci a farfajiya. Editoci da leburori, Musulmi da Kirista, direban motar ma da yaran motarsa, kowa ya wanke hannu ya zauna. Hajiya ta tattare mayafinta ta zauna a cikin mata. Baba Luka yana zagayawa yana nuna mana: ku duba bayan shafi, ku duba ƙasan tallan ta'aziyya, nan ne ake mantawa. Na ga babban edita, mai digiri biyu, yana ɗaga takarda yana cewa, "Baba, wannan fa?" Kafin rana ta faɗi muka gama. Jaridar Juma'a kuma ta fito a kan lokacinta, kamar yadda ta saba.

Ranar Asabar muka koma tebur, wannan karon ni na nemi a koma. Muka kira ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, muka yi musu tambayar da ya kamata mu yi tun wata huɗu da suka wuce: ban da abin da aka rubuta a fayil ɗinka, me kake yi a gidan nan? Abin da muka ji ya ba mu mamaki. Ashe Naomi ta sashen talla, ita ma tana cikin bakwai ɗin, duk sanarwar rasuwa sai ta buga wa iyalan waya ta karanta musu kafin a buga, shi ya sa ba mu taɓa sa hoton mai rai a gurbin mamaci ba. Ashe akwai mai zagaya dillalai ya ji wace unguwa jarida take ƙarewa da wuri. Ayyuka ne da ba su da suna, shi ya sa ƙwararru ba su gan su ba, kuma ba laifinsu ba ne, fayil aka ba su. Laifin namu ne, mu da muka san mutanen.

A cikin bakwai, huɗu sun dawo, har da Baba Luka. Biyu sun zaɓi ritaya da kansu. Ɗaya ya tafi ransa a ɓace, na je gidansa sau biyu bai fito ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ba zan tsaya a nan in ce komai ya yi daidai ba. Amma a yarjejeniyar da za a sa wa hannu yau akwai sashe na tara, wanda ya ce babu ɓatacciyar takarda da za ta shiga injin matsewa sai ta bi ta hannun mai tantancewa, kuma an ƙirƙiri wannan matsayi da sunansa da darajarsa. Akwai sashe na goma, wanda ya ce duk ranar da wani sabon inji zai sake shigowa, ba za a rubuta sunan kowa ba sai an zauna da shi an tambaye shi abin da hannunsa yake yi.

'Yan uwana na Bompai, 'yan uwana na Challawa, masu jima da masu saƙa da masu sarrafa abinci, inji yana nan tafe gare ku, in bai riga ya iso ba. Kada ku tsaya faɗa da ƙarfe, ba za ku ci ba. Ku koma masana'antunku ku nemo Baba Lukanku tun kafin a kawo muku jerin sunaye. Ku tambayi mai shara, ku tambayi mai gadi, ku tambayi wanda yake zama a layin ƙarshe. Masu kamfanoni, ku ma ina roƙonku, ku sauko daga bene kamar yadda Hajiya ta sauko.

Saura abu ɗaya, shugaban taro, sai in zauna.

Da aka yanke shawarar dawo da Baba Luka, ofis ya ce ya kawo takardar sallamarsa a soke ta. Ya ce ba ta wurinsa. Muka ce a ranmu ya yayyaga ta, kuma wa zai ga laifinsa? Mama Lidiya ta ce ita ko ganinta ba ta yi ba, bai kai ta gida ba. Shekaranjiya na je ɗaukar akwatin nan domin a shirya ƙonawar ƙarshen wata. Ina gyara takardun ciki, can ƙasa, sai na ga ambulan ɗin kamfani. Na buɗe. Takardar sallamarsa ce, a ninke tsaf, ko lanƙwasa babu a gefenta.

Na same shi na ce, "Baba, me ya kawo wannan cikin akwati?" Ya ce, "Shugaba, gaskiyar Allah, ranar da aka ba ni, na fita bayan gini don in yayyaga ta. Har na kama ta da hannu biyu. Sai na ga samanta." Ku da kuka san takardar kamfanin nan kun san abin da ke samanta. Tun zamanin marigayi Alhaji Mamman, mahaifin Hajiya, kowace wasiƙa da ta fita daga ofis, akwai Bismillah a kanta da rubutun Larabci. Ya ce, "Da na gani, sai na kai ta inda ake kai 'yan uwanta."

Ga ta nan a hannuna. Ga sa hannun ofis a ƙasa, kuma ko da ba a ga nawa a jiki ba, kowa ya san da yardata aka rubuta ta.

Baba Luka, ku ɗago kai. Na yi muku laifi a ɗaki, a gaban mutum shida, ba zan nemi gafara a ɗaki ba. A gaban matarku, a gaban limaminmu da fastonku, a gaban waɗanda suka zaɓe ni, ina roƙon ku yafe mini. Kuma ina gaya wa duk wanda ya zo daga nesa: in an tambaye ku me kuka gani a Sharaɗa, ku ce kun ga inji mai sauri, gaskiya ne. Amma ku ƙara da cewa kun ga irin mutanen da wannan gida ya tara, kuma ni ina alfahari da cewa abokan aikina ne.

Allah ya sa wannan inji ya zama alheri ga mai shi da mai aiki da shi. Allah ya kare hannuwanmu daga haƙoransa, ya kare alƙalumanmu daga ƙarya. Allah ya jiƙan Alhaji Mamman, ya jiƙan Malam Ado, ya jiƙan duk waɗanda suka riga mu daga wannan gida. Wanda ya tafi ransa a ɓace, Allah ya buɗa masa ƙofar da ta fi wannan, ya sanyaya zuciyarsa a kanmu. Allah ya zaunar da Kano lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa ya tarar da iyalinsa cikin alheri.

Na roƙi Hajiya, ta kuma amince, cewa kafin a yanke ƙyalle, kafin a sa hannu, kafin a danna kowane maɓalli, mu tashi gaba ɗaya mu zaga bayan gini, gindin mangwaro. An kai akwatin, an wanke duron. Ni zan sa wannan takarda a ciki da hannuna. Baba Luka, Hajiya ta aiko muku da ashana.

Na gode.